Marayun da nake reno ko mahaifiyata?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa. Allah ya saka miki da alheri kan wannan shiri, ya ƙara basira.

Ni ma'aikaciya ce a wani gidan marayu a nan Kano, ɓangaren jarirai da 'yan yaye. Tun da aka sanar da ɓullar korona a jihar nan ranar 11 ga Afrilun wannan shekara ta 2020 aka hana masu ziyara shigowa. Da Shugaba Buhari ya sa dokar kulle ta mako biyu a Kano ranar 27 ga wata, sai aka tara mu aka ce kowacce ta zaɓa: ko ta tare a gidan dungurungum har abin ya lafa, ko ta zauna a gidanta, kuma ranar da za ta dawo sai an killace ta kwana 14. Ban ga laifinsu ba, shige da ficenmu ne zai iya kawo wa yaran cutar.

Hajiya, aikinmu ba ya yiwuwa daga nesa. A rediyo ana ta cewa a bar tazarar mita 2, to wa zai goyi jariri da tazara? Mu ne wanka, mu ne tsarki, mu ne share majina. Akwai wata yarinya da aka kawo mana cibiyarta ko faɗuwa ba ta yi ba, yanzu ta fara tatata. Da ta gan ni da takunkumi sai ta ƙwalla ƙara, ta dinga fizgarsa da hannu biyu, ta ƙi karɓar madara sai da wata ta riƙe ta na koma bakin ƙofa na buɗe mata fuskata. Wannan yarinyar ba ta san wata uwa ba sai ni. Kuma mun yi ƙaranci, don wasu sun riga sun zaɓi zaman gida. In yaro ɗaya ya tashi da zazzaɓi da dare, ba ki sani ba na cizon sauro ne ko wancan ne, sai ki kwana zaune.

A gida kuma mahaifiyata tana wurina, ga ciwon suga ga hawan jini. Ni ke auna mata abinci, ni ke ba ta magani a kan lokaci. Likitoci sun ce irinsu cutar ta fi yi wa illa, kuma yaro kan iya ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Kin dai ji yadda ake ta rasa dattawa a garin nan cikin makonnin nan. In na tare a wurin aiki, ba mai kula da ita yadda ya kamata. Ƙanwata tana aure a Zariya, hanya kuma a rufe.

Maigidana ya ce in ajiye aikin, uwa ba ta da madadi. Gaskiya ya faɗa. Amma shi a Kantin Kwari yake nema, kasuwa a rufe, ɗan albashina ne ke riƙe da tukunyar gidan a azumin nan, har da kuɗin maganin Inna.

Don Allah Hajiya ki ba ni shawara, ki kuma tambayar mini malamai da likitocin da kike gayyata. In na bar Inna a hannun maigidana da babbar 'yata mai shekara 15, na tauye haƙƙinta? Ita da bakinta ta ce in je, marayu amana ne, amma na san halinta, ba za ta taɓa cewa tana jin jiki ba. In kuma zaman gida ya fi, ta yaya zan janye jiki daga yarinyar nan ba tare da ta shiga wani hali ba? An ba mu zuwa Juma'a mu ba da amsa.

Wassalam.
Taki mai sauraro a kullum, daga Kano.