Kwanson harsashi mai tsada, wa ya kamata ya saya?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili. Ni mazaunin Texas ne a Amurka, na daɗe ina zuwa filin harbin gwaji duk Asabar, kuma 'yan uwanmu da suka shigo harkar kullum tambayarsu ɗaya ce, maganar kwanso. A nan doka ta yarda mutum ya tsince kwanson harsashinsa in ya harba, ya wanke ya sake ɗura shi a gida, a Najeriya kam ba haka dokar take ba kar wani ya gwada. Toh wai kwanson kamfanin Lapua na Finland da guda ɗaya ke haura dala 1, ya ci kuɗinsa?

Duk tagulla ce fa, kashi 70 jan ƙarfe 30 tutiya, aikin ne ya bambanta. Farkon shigata na sayi jaka guda mai araha, na zauna da ɗan sikeli ina aunawa ɗaya bayan ɗaya wallahi nauyin kowa da inda ya dosa, in nauyi ya saɓa cikin ma yakan saɓa, a yadi 600 sai ka ga wannan harsashi ya hau wancan ya sauka kana ta zargin hannunka. Ɗuri na huɗu wuyan ya fara tsagewa siriri kamar silin gashi, sai ka ɗaga a haske za ka gani, ramin gindi kuma inda firaima (ɗan maɓallin da ke kunna wa harsashi wuta) ke zama ya saki, da ɗan yatsa ma tana shigewa, wannan sai zubarwa. Araha ba ta ado.

Da na koma Lapua a bindigata mai cin harsashi samfurin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady suka fito da shi a 2007, na ɗura wasu sau 12 suna nan garau, sai dai ina gasa wuyan lokaci-lokaci don tagulla in ta sha matsa takan taurare. Ku yi lissafi, dala 1.20 a raba 12 senti 10 kenan duk harbi, na senti 50 da ya mutu a na huɗu ya fi shi tsada.

Amma gaskiya ba kowa ba. Mai farautar barewa a yadi 100 da bai fi harsashi 20 yake harbawa a shekara ba, me zai yi da shi? Haka mai bindigar da ke watsa kwanso cikin ciyawa rabi ya ɓace, kuɗinsa kawai yake shukawa a daji, ya sayi kwanson kamfanin Winchester ko Starline ya huta.

Abin da ya fi damuna, wasu sun ɗauka tsada na hana fashewa. Ko na nawa ne, a lanƙwasa bakin siririyar wayar ƙarfe a zura cikin kwanson a shafa kusa da gindi, in ka ji ta maƙale a wani ɗan kwari to ya kusa rabewa, ka jefar kafin ya rabe kusa da fuskarka.

Naku,
Mai karatu daga Texas