Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Kason Kogi a Rabon Ruwa

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A bana kusan duk zamanmu na nazari ya ta'allaƙa ne a kan tambaya ɗaya: in hukuma za ta raba ruwa ko daji ko ma'adinai, wa ake fara cire wa kaso? A da, manomi da masana'anta da mutanen gari ne kawai ke layi. Ruwan da ya wuce su ya shiga teku kuwa, asara ake ɗaukarsa.

Mun buɗe da Tekun Aral, wani babban tafki a tsakiyar Asiya, wanda akasarinsa ya ƙafe bayan Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya, masu zuba a cikinsa, zuwa gonakin auduga tun shekarun 1960. Da aka haska hoton jiragen kamun kifi sun yi tsatsa a kan rairayi, ɗaki ya yi tsit.

Zaman da ya fi zafi shi ne na dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998, wadda ta ce sai an ware ruwan buƙatun yau da kullum na jama'a, da wanda kogin kansa ke buƙata don ya rayu, kafin a raba sauran. Wata mamba ta jera kofuna huɗu, ta tsiyaye kwalbar ruwa a uku, ta ɗaga na huɗun wayam, ta ce na kogi ne. Wani dattijo ya ce, "To Malama, daga kofin wa za ki rage?" Har aka tashi ba a daidaita ba. A ganin kwamiti, tambayarsa ta fi duk takardun da muka karanta nauyi. Dubi ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka: a 2023 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar daina haƙo mai a wani yanki na dajin Yasuni, amma rufe rijiyoyin sai tafiyar hawainiya yake yi, domin baitulmali na tatsar kuɗi daga nan.

Mun taɓo kogin Whanganui na Niyuzilan, da doka ta ba shi matsayin mutum mai haƙƙi a gaban shari'a a 2017, da madatsun ruwa huɗu da aka gama rushewa a kogin Klamath na Amurka a bana.

Mujallar da muka yi alkawari ba ta fito ba, laifin kwamiti ne. Zaman dazuzzuka ma mun ɗage shi zuwa baɗi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah ku ga ma'aji kafin babban taro.

Sakatare, a madadin kwamiti