Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ke Sayar Mana Da Tashoshin Ƙwallo

Ranka ya daɗe Manaja, bayan gaisuwa mai yawa.

Mu ne masu gidajen kallon ƙwallo na ƙauyukan Ringim da Taura a Jigawa. Kukanmu shi ne kuna karɓar kuɗin kwana 30 cif, alhali ranakun da gidan kallo ke cika a wata da ƙyar suke kai rabin haka.

Firimiyar Ingila wasa 380 ce, daga Agusta zuwa Mayu, akasari Asabar da Lahadi, sai Kofin Zakarun Turai a daren Talata da Laraba. Da an shiga hutun wasannin ƙasashe, kusan mako biyu benci na shan ƙura, kwanakin da aka biya kuwa suna ta ƙonewa.

Ga kuma damina. Agustan da kakar ke buɗewa shi ne lokacin marka a wajenmu. Hadari na haɗowa hoto ya soma tsattsagewa, can sai allo ya yi baƙi, domin ruwa mai ƙarfi yana danne sigina kafin ta iso dish. Wanda ya biya a ƙofa dole a mayar masa da kuɗinsa, in ba haka ba ranar ba za a kwashe lafiya ba. Man janareta kuwa, lita ɗaya zuwa biyu a wasa guda na awa biyu, ya tafi ke nan.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jinkirin buɗe tashoshi bayan biya. A biya wajen mai POS, a jira, shiru. A kira layinku a ce a bar dikoda a kunne har saƙon ya shigo. A garin da ba wutar NEPA, wannan umarnin tayar da janareta ne, gida babu kowa.

Kuɗin haƙƙin haska wasa da ke shiga aljihun kulob, a irin waɗannan ƙofofin ake tara shi. A watan Afrilun 2021 da manyan kulob 12 na Turai suka ƙulla wata sabuwar gasa ta kansu mai suna Super League, magoya bayan Chelsea sun yi zanga-zanga a ƙofar filinsu na Stamford Bridge, cikin kwana biyu zuwa uku shirin ya wargaje. Ɗan Arsenal na Taura ba shi da filin da zai je ya yi ihu, ƙofarku kaɗai ya sani.

Muna roƙon ku ba mu damar dakatar da kwanakinmu a makon da ba wasa, ku rama ranar da tashoshi suka ƙi buɗewa bayan an biya, ku kuma ajiye wakili da mai gyara a Ringim don kada matsalar dikoda ta kai mutum har Kano. Sannan ku dubi gasar gida. Kano Pillars ta ci kofin lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma 'yan Sai Masu Gida a nan sun ishi cika kowane gidan kallo, amma yawanci a rediyo suke jin yadda aka tashi.

Muna sauraron amsarku. Wassalam.

Masu gidajen kallo na ƙauyukan Ringim da Taura