Wasiƙa Daga Arewacin Maraɗi

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da dukan 'yan'uwa a Jos. Mu ma nan muna cikin alherin Ubangiji. An gama yankan gero, an ɗaure dammuna, sanyi ya fara shigowa da asuba.

Ka tambaye ni yadda koyarwar nan ta sha'anin kuɗi take tafiya, wadda na yi ta ba ka labarinta tun muna makaranta a Kagoro. Zan gaya maka gaskiya, shekarar farko ban ci nasara ba. Na zo da ɗan littafina da na shirya a gida, an ja layi an raba albashin wata: zakka, abinci, haya, kuɗin makaranta, ajiya. Na tsaya a majami'a bayan sujada na karanta musu Karin Magana 22:7, cewa mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Kowa ya yi shiru. Sai wani dattijo da ke zaune bakin ƙofa ya gyara rawaninsa ya ce, "Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu nan wa yake ba mu albashin wata?"

Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. Albashin mutanen nan sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka. Ga yadda abin yake juyawa: da an kai hatsi gida sai bukukuwa su taso, ga aure, ga suna, ga masu bin bashin bara sun tsaya a ƙofa. Dole mutum ya kai gero kasuwa a lokacin da kowa yake kaiwa, farashi yana ƙasa. Kafin watan Yuli rumbu ya yi fayau, ana tsakiyar noma, yara suna kuka. Sai ya koma wurin wanda ya saya a hannunsa da araha, ya karɓi tiya goma a kan zai mayar da ashirin in kaka ta yi. Tun gero bai fid da kai ba an riga an cinye rabinsa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a wannan yanki sun ce mini akwai gidajen da tun lokacin gonarsu ta tafi jingina, har yau ba ta dawo ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. A lokacin da nake wannan wa'azi, ni kaina ana bina bashi. Ka san tallafinmu da naira yake zuwa, mu canza zuwa sefa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a nan Nijar ranar 26 ga Yulin shekarar, abin da ke isowa hannunmu ya ragu ƙwarai. Ana cikin haka maman yara ta kwanta asibiti. Na fara karɓar shinkafa da mai da sabulu a kantin wani Alhaji maƙwabcinmu, yana rubutawa a littafi, har ya kai jika 60, wato sefa dubu 60 (nan dubu ɗaya ita ce jika, kuma da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, na daɗe kafin kaina ya saba). Bawan Allah bai taɓa tare ni da maganar ba, bai kuma ƙara ko dala ɗaya a kai ba, ya ce riba haramun ce. Amma na lura na daina bi ta ƙofar kantinsa in zan je majami'a, sai in zaga ta bayan gari. Mutumin da na zo ƙasar nan don in zauna da irinsu, in yi zumunci da su, shi nake guje wa. Ranar da na gane haka na fahimci ayar da nake karanta wa mutane.

Maman yara ce ta ce mu faɗa wa ikilisiya. Na yi nauyin baki, amma wata Lahadi na tashi na faɗi adadin, na ce za mu riƙa biyan jika biyar kowane wata, kuma mun daina sayen nama sai ranar kasuwa. Daga ranar mutane suka fara zuwa gida da dare, ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa. Cikin shekara guda muka gama biya. Alhaji ya ja layi a kan shafin a gabana, ya kawo shayi muka sha.

Yanzu na ajiye littafin albashi. Da 2 Sarakuna sura 4 nake farawa, labarin gwauruwar da mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Ka lura mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi, Elisha kuwa bai tsawata mata ba. Tambayarta ya yi me take da shi a gida. Ita ce tambayar da nake yi wa kowane magidanci. Mukan zauna a tabarma da tsakuwa, mu ƙirga dami nawa ya samu, tiya nawa gidansa yake ci a rana, wane wata rumbu zai ƙare. Da yawa ba su taɓa ganin watan a fili haka ba. Ba na ce musu kowane bashi zunubi ne, don ban ga haka a Littafi ba, kuma wanda ɗansa yake zazzaɓi cikin dare ba zai jira kaka ba. Bashin biki da na kece raini ne nake yaƙi da shi.

Mata sun riga mu nisa. Tsarin asusun nan na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, sun san shi sarai, don haka zumuntar mata ba ta buƙaci dogon bayani ba. Suna da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, kowa tana zuba abin da ta iya duk mako. Maza kuma mun gina rumbu a bayan majami'a bisa misalin Yusufu a Masar. Bana gidaje 14 suka zuba, mun tara buhu tara. Ba za a buɗe ba sai damina ta yi tsakiya, wanda ya ari tiya goma ya mayar da goma sha ɗaya, ɗayar ta rumbu ce. Maƙwabtanmu Musulmi biyu sun nemi shiga, dattawa suka amince da murna.

Ina da roƙo. In kana magana da matasan da ke shirin fitowa aikin bishara, ka ce su biya abin da ake binsu kafin su ɗaura kaya, su kuma koyi wata sana'ar hannu. Ni yanzu ina gyaran kekuna ranar kasuwa, yana taimakawa sosai.

Ku sa mu cikin addu'a game da rumbun, ƙwari ne abin tsorona. In ka san maganin da manoman wajenku suke amfani da shi wanda ba ya cutar da mai ci, ka rubuto mini sunansa. Maman yara tana gaida uwargida, ta ce tana nan tana jiran irin acca da ta yi mata alkawari.

Naka cikin Ubangiji,
amininka