Zuwa ga Babangida

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Birnin Kebbi? Mu nan Gusau lafiya lau, sai dai ƙafar innarka da ka sani.

Kawunka ya dawo daga bikin nan ya ce ya gan ka da rana tsaka kana saukowa daga tsani kana laluben mataki da ƙafa kamar makaho, harshenka ya yi nauyi, da ya matsa ma yaran shagonku sai suka ce wai Valium kake sha don ka samu barci, wani ma ya ce har da Roche. Tun ranar ban runtsa ba.

Likitoci sun daɗe suna bincike a kan ƙwayoyin nan, diazepam, wato Valium ɗin, da danginsa, ba barci kaɗai suke sawa ba, ƙwaƙwalwa suke kwantarwa gaba ɗaya har da ɓangaren nan na wajen ƙeya mai daidaita tafiya da motsin hannu, shi ya sa mutum ke tangaɗi ya kai hannu ya kuskure abu alhali shi a ransa garau yake ji. Kuma ba ya fita jiki da asuba, yakan wuce kwana guda a jini, ka sha daren Litinin ranar Talata kana saman kwano da guduma yana nan tare da kai. Wanga shi ne abin da ke cin raina, rufin bene fa kake yi!

Na san za ka ce ai ni ma na sayo ma Hajiya. Na sayo, likita ya rubuta, kuma kukan da take da dare kai kana yaro ba ka ji ba. Amma ka ga yadda ta ƙare, daga tsaye ta faɗi a bayi ƙugu ya karye, ba ta sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Daga tsaye kawai. Haba Babangida, don wannan na sayar da gonar Tsafe na saya maka kayan aiki? In kuma kana haɗawa da kodin ɗin da aka hana tun 2018, to numfashi yake dannewa, kai da kanka kake gina kabarinka.

Allah ya shirya min kai. Kar ka yanke Valium ɗin rana ɗaya in jiki ya saba, yana iya kawo jijjiga, je asibiti likita ya rage maka a hankali, kuɗin na wuyana, kafin nan ka bar ma wani hawa sama. Ka kira ni bayan isha'i, a layina, innarka ba ta san komai ba.

Mahaifinka.