Wa ya ajiye sa hannun Samanja da Ibro?

Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wallahi wani abu ne ke ci min rai kwanan nan. A Amurka da Ingila akwai masu tara sa hannun tsofaffin 'yan barkwanci irin su Charlie Chaplin da ya rasu a 1977, har gwanjonsu ake yi, shi kuwa Stan Laurel da ya yi ritaya a birnin Santa Monica na Amurka da kansa yake amsa wasiƙun masoyansa har ya rasu a 1965, shi ya sa takardunsa suke hannun mutane birjik, kodayake 'yan damfara ma sun shigo da na jabu.

To mu fa? Ibro ya tafi a 2014, Ƙasimu Yero 2017, Samanja da muke taruwa gidan maƙwabta mu kalla a talabijin shi ma 2023, amma ban taɓa jin wanda ya ce ga rubutun hannunsu ya adana ba, sai dai hoto a waya, wayar ta faɗa ruwa shikenan.

Ni kaina na yi asara, babanmu yana da wata kalanda da wani ɗan wasa ya sa masa hannu da jan biro, muka cusa ta bayan sif, da muka tashi gida sai muka tarar gara ta cinye daidai wurin sunan, hular kawai ta bari.

Don Allah Edita a buɗe mana ɗan fili, duk mai irin wannan takarda ya turo hotonta a buga.

Naku,
Mai karatu daga Zariya