Zuwa ga Uwata, kan ɗaliban da aka damƙa miki

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mahaifiyarki ta faɗa mini sashenku a Jami'ar Jos ya ba ki ɗaliban digiri na biyu da na digirgir, kuma ke za ki ja ragamar masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Allah ya taya ki riƙo. Ni ban taɓa tsayawa gaban allo ba, amma na tsufa ina ɗaukar fayil a ofishin karatun gaba da digiri na wata jami'a, don haka ki saurare ni.

Abin da na fi gani yana karya ɗalibi shi ne jira. Mutum ya kawo babi na uku, a jefa a durowa, wata huɗu ba a buɗe ba. Na sha ganin magidanci da furfura a gemu, ya baro aikinsa tun asuba, yana zaune kan benci a ƙofar sufabaiza da kundi a cinya, la'asar ta yi a ce masa malam ya tafi taro Abuja. Kuɗin makaranta kuwa ba ya jira, kowace shekara sai ya sake biya. Yaran nan sun riga sun yi asara: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin takwas a 2022. Kada ki ƙara musu. Ki yanka wa kanki wa'adi, babi kada ya wuce mako uku a hannunki. In kin ja jan biro, ki rubuta dalili a gefe, domin "sake gyarawa" kawai ba koyarwa ba ce. Idan kuma ɗaliban sun fi ƙarfinki, ki faɗa wa shugaban sashe tun wuri a rage miki. Ba abin kunya ba ne.

Wanda ya kwana kan madubin ƙwayoyin cuta, sunansa ne farko a takardar da za ta fita mujalla. Na san ƙarin girma da wallafa ake samunsa, amma ranar kare kundi, mai jarrabawa daga waje zai gane wa ya yi aikin.

Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, amana ce. Ko kwalbar sinadari ɗaya aka saya, a ajiye rasit, kuma ki koya wa ƙananan malamai yadda ake rubuta neman tallafi, kada ki riƙe sirrin ke kaɗai. Abin da ba ku da na'urarsa, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a kusa, tun 1924 take aiki; ki rubuta musu takarda, ki tura ɗalibanki su koyo.

Sai maganar kyauta. Za a sauke miki buhun dankalin Bokkos a ƙofar gida, a ce "ba komai, Malama". Akwai komai. Ki yi godiya ki mayar, har sai an sa hannu a kundi. Kuma ɗalibi ba direba ba ne, kada ya ɗauko miki yara daga makaranta.

Sanyi ya fara shigowa, ki riƙa sa wa ƙaramin rigar sanyi. Ki gaida maigidan. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki